Tsawon Bisimilla Ɗaya

Bayan an idar da sallar isha'i a wani dare na farkon damina, Malam Mustapha ya ji wani sauti da bai taɓa jin irinsa ba a unguwarsu ta Shahuci. Ba kukan akuya ba ne, ko da yake ya yi kama da na akuyar da ta faɗa rijiya. Ba kuma ƙarar tsohon ƙyaure ba ce. Yana kwance a kan buzunsa, kuncinsa a ƙasa, ya kasa kunne yana mamaki, don shi mutum ne mai son abin al'ajabi. Da furfurarsa ya taɓa bin wata tsaka mai wutsiya biyu har cikin soron mutane. Ya ce a ransa, bari in kira Fanna ta zo ta ji wannan abu. Ya buɗe baki ya kira matarsa, sai sautin ya sake fitowa. A nan ya gane daga maƙogwaronsa yake fita.

Mota ba ta shiga lungunsu. Ko babur sai mai shi ya sauka ya tura. Maƙwabta ne suka naɗe shi a bargo suka yi ta karkata da shi a kwana-kwana har bakin titi. Likitoci suka ce bugun jini ne. Da aka sallamo shi bayan makonni, ɓarin hagu ya tafi gaba ɗaya, harshe ya yi nauyi kamar an cika masa baki da tuwo, hannun dama kuwa yana nan amma yana karkarwa. Hankalinsa ne kawai ba abin da ya taɓa. Alƙur'anin da ya yi shekaru yana rubutawa da ka, da irin rubutun Barno mai kauri da ya gada wurin mahaifinsa, yana nan a cikin kansa, ko wasali ɗaya bai zube ba.

Sai dai ciwon ya bar masa wata aba da ta fi shanyewar ci masa rai. Kansa ya koma gyaɗawa da kansa, sama da ƙasa, ba dare ba rana, kamar na ƙadangare a kan katanga.

"Malam, kunun ya ishe ka?" in ji Fanna. Kai ya gyaɗa.

"Ko a ƙara?" Kai ya gyaɗa.

Ta tsaya da ludayi a hannu, ta rasa na kamawa.

Maƙwabcinsa Ashafa, Bafulatani mai gyaran agogo, wanda suka shekara arba'in suna tsokanar juna irin ta Fulani da Barebari, shi ne ya fara gano amfanin abin. Kullum da hantsi zai yi sallama ya zauna a bakin katifa.

"Kai Babarbare, yau dai a gaban shaidu. Ka yarda kai bawana ne, kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar nono?"

Kai ya gyaɗa.

"Hajiya Fanna, kin gani da idonki! Sai da ya tsufa gaskiya ta kama shi."

Ashafa ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Da can kafin ya rufe baki an mayar masa da uku. Yanzu sai ya zauna yana jujjuya hularsa a gwiwa, ya yi addu'a ya tashi.

Malam Mustapha ya koma rayuwa da kunne. Daga inda yake kwance yana jin lungun kamar yana karanta shi. Ya san takun ladan, mai jan ƙafar dama. Ya san kurar mai ruwa da ke kukan tsatsa a kwana ta biyu, da tabaryar gidan bayansu da ke fara daka kafin rana ta fito. Har bangon ɗakin yana da nasa zancen, don idan ya sha ruwan sama yakan riƙa ƙas-ƙas a hankali, ya fitar da ƙanshin tsohuwar tawada da ya sha tun zamanin mahaifinsa. A ɗakin aka haife shi. Bai taɓa kawo wa ransa zai mutu a wani wuri ba.

Babban ɗansa Mukhtar yana da wani tunanin. Ya gina gida a sabuwar unguwa, can bayan gari, mai doguwar katanga da waya a samanta. Malam ya taɓa kwana a can sau ɗaya lokacin suna, ya kasa barci saboda shiru. Ba wanda ke wucewa, ba wanda ke sallama, ko kazar maƙwabta ba ta shigowa. Mukhtar ba mugun ɗa ba ne. Ya ɗauki wani mutum da ke zuwa da safe ya yi wa mahaifinsa wanka. Amma sauran yinin a kan mata biyu yake: Fanna da gwiwoyinta suka gaji, da autarsu Bahijja, malamar firamare da ke aure a Gwale, wadda ke zuwa kullum in an tashi daga makaranta, da cikinta da ya fara tsufa.

"A can banɗaki a cikin ɗaki yake," in ji Mukhtar. "Mota har bakin ƙofa. Mai gashin ƙashi zai riƙa zuwa gida. Baba, ka yarda mu koma?"

Kai ya gyaɗa.

"Yaya, wannan ba amsa ba ce," Bahijja ta ce. "Jiya na tambaye shi ko shi ne sarkin Makka, haka ya yi."

An gwada biro da takarda, hannun ya kasa dannawa. An gwada allo da alƙalamin gamba, kurtun tawada ya kife a kan zanen gado. Ranar nan sai Bahijja ta zaro wani abu daga jakarta, kwamfutar hannu mai faɗi, irin wadda yara ke kira tab. A idon Malam allo ne na gilashi, baƙi wuluk, sai an taɓa shi ya farka. Yana da alƙalaminsa na roba, ba tsaga a bakinsa.

"Wannan ba ya son ƙarfi, Baba. Taɓawa kawai."

Ta sa masa alƙalamin a tsakanin yatsu, ta ɗaure da robar gashinta don kada ya suɓuce. Hannun bai nufi gilashin ba. Ya karkata dama, yana lalube a kan katifa, yana neman kurtun da zai tsoma. Fanna ta juya ta fita tsakar gida, wai za ta duba tukunya.

Bahijja ta shirya masa gidaje biyu a fuskar gilashin, kore a dama, ja a hagu. Da yake na'urar ba ta jin Hausa, ita ta ɗauki muryarta ta sa a ciki. In an taɓa kore, muryar Bahijja ta ce "Eh." In an taɓa ja, ta ce "A'a." Ta kira yayanta ya zo ya gani.

Mukhtar ya durƙusa ya maimaita tambayarsa. Malam ya tattara duk abin da ya rage masa na ƙarfi ya nufi jan gidan. Amma hanyar zuwa hagu ta kan dama take. Hannun ya yi nauyi a tsakiyar tafiya, bakin alƙalamin ya gogi kore, karkarwa ta kama shi a wurin.

"Eh. Eh-eh-eh. Eh," in ji gilashin, da muryar 'yarsa.

"To, alhamdulillahi," Mukhtar ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. "Har sau nawa. Bari in sa a yi wa ɗakin fenti."

Malam ya yi irin sautin nan na daren farko. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne.

"Ba shi ya faɗa ba, Yaya. Abin ne ya yi masa riga-malam." Ta kama bakinta, ta sake cewa, "Abin ne ya yi gaggawa. Ka ba ni lokaci in gyara saitinsa."

"Auta, ke fa nake tausaya wa. Dubi ƙafafunki yadda suka kumbura."

"Ka bar ƙafafuna. Ka ba ni lokaci."

Ya ba ta, har fenti ya bushe.

Daga ranar, kullum bayan la'asar takan zauna a gefen katifar, ta jingina da bango, ta ɗora gilashin a kan cikinta tana shiga wurin saiti. Rubutun da Turanci yake, tana karantawa tana fassara masa kamar yana ajinta.

"Ka ga, Baba, an yi shi ne don masu saurin hannu. Ko ƙuda ya sauka sai ya amsa. Haƙuri zan koya masa."

Malam ya ji daɗin maganar. Ya taɓa yin ɗalibi irin wannan, mai amsawa kafin a gama tambaya, kuma bai taɓa samun maganinsa ba.

Ta samo inda ake hana shi jin taɓawa ta biyu in ta biyo ta farko da sauri, sai "eh-eh-eh" ɗin ya mutu. Ta samo inda ake ce masa kada ya ɗauki gogawa a matsayin magana, sai alƙalami ya zauna a wuri ɗaya tukuna. Ta sa wani ɗan zobe ya riƙa fitowa a ƙarƙashin bakin alƙalamin, yana cika a hankali kamar ana zuba ruwa a kwano, in bai cika ba murya ba za ta fito ba. Wannan ya ci mata yammaci da yawa. In ta gajarta, kore ya kama shi a hanya. In ta tsawaita, hannun ya gaji ya zame kafin zoben ya rufe. Wani lokaci wuta ta ɗauke, cajin ya ƙare, su zauna su biyu suna kallon baƙin gilashi, fuskarsa a ciki tana gyaɗawa.

Amma ita ba gidaje biyu kawai take so ba. So take ya yi rubutu. Ta buɗe masa farin shafi, ta zaɓi baƙin layi mai kauri. A nan ne abin ya ƙi. Duk sanda ya ɗora alƙalamin, kafin ya ja, sai gilashin ya yi ɗan gurnani, wani faifai mai launuka ya buɗe a wurin, da abin gogewa da almakashi da wasu tarkace. In ya ja hannun, maimakon harafi sai shafin ya koma shuɗi, ko ya goge.

"Baba, kana daɗewa ne. In ka danna ka riƙe, yana zaton wani abu kake nema. Kana ɗorawa ka ja."

Ya gwada. Hannun ya ƙi. Ba ciwo ne ya hana shi ba, wannan tsayawar ta girmi ciwon da shekara sittin.

Akwai zaɓi uku a wurin: gajere, matsakaici, dogo. Ta sa dogo. Faifan launuka ya sake buɗewa. Ta ajiye gilashin a cinya ta rufe ido.

Fanna na bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bisimilla yake yi."

"Na'am, Iya?"

"In ya ɗora alƙalami ba ya ja sai ya yi bisimilla a ransa. Kakanku ne ya koya masa, wai kafin a gama tawada ta sauko bakin alƙalami. Tun ina amarya nake ganin abin. Ko sunan buhu zai rubuta sai ya yi."

Bahijja ta dubi mahaifinta. Ta ɗora masa alƙalamin a kan gilashin da ta kashe, ta zuba wa maƙogwaronsa ido. Ga shi nan kuwa, yana motsi a hankali.

A ƙasan zaɓin nan uku akwai na huɗu da ba ta kula da shi ba, inda mutum zai ɗora yatsa a kan wata da'ira ya riƙe gwargwadon yadda yake so, na'urar ta haddace tsawon. Ta ɗora yatsa, ta yi bisimilla, ta ɗaga. Aka gwada. Faifan ya buɗe.

Fanna ta yi tsaki ta ture farantin shinkafar. "Wannan bisimillar taku ta 'yan boko, kamar ana kora ku? Ba haka yake yi ba. Sa hannunki."

Ta gyara zama, ta kumbura murya, ta sunkuyar da kai yadda yake yi a kan buzu. Ta ja bisimillar da irin karatun mutanen Barno, tana taka kowane harafi, ta tsaya a kan Rahmani kamar mai hutawa a inuwa, ta ja Rahimi har numfashinta ya kusa ƙarewa. Shekara hamsin tana jin abin ta bayan labule, ba ta taɓa kwaikwayonsa a gabansa ba. Wani abu ya taso wa Malam daga ciki, ya fito ta hanci. Su duka suka juyo a tsorace, sai suka ga dariya ce.

"Ƙara kaɗan a kai," Fanna ta ce, tana gyara ɗankwali. "Yanzu ya tsufa."

Bahijja ta ƙara. Ta buɗe farin shafi.

Ya ɗora alƙalamin. Ya yi bisimillarsa, bai rage mata komai ba. Gilashin ya yi shiru yana jira. Ya ja, sai ga baƙin layi ya sauko, mai kauri, a karkace, yana rawa kamar an rubuta a kan jaki, amma alif ne. Ya ji shi tun daga kafaɗa har cikin haƙora.

Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya cika shafin da kalma biyu na ajami. Bahijja ta bi su da yatsa tana haɗawa, ta kai ƙarshe, ta toshe baki. Ta leƙa soro ta aika a kira Ashafa. Ya shigo da gilashin gyaran agogo a goshi, ya karɓi allon ya karanta da ƙarfi.

"'Ashafa bawa.'" Ya sake karantawa. "La'ilaha illallahu! Wata da watanni mutum bai yi magana ba, da ya samu baki abin da zai fara faɗa ke nan? Ba salati, ba godiya? Hajiya, ku mayar da abin nan inda kuka samo shi!"

Yana faɗa yana share ido da hannun riga.

Da ya fita, Bahijja ta mayar da gidaje biyun. Ta yi ƙasa da murya. "Baba, kana so ka koma gidan Yaya?"

Alƙalamin ya gogi kore a hanya, kore bai ce komai ba. Ya isa ja ya zauna. Zoben ya cika.

"A'a."

Ta kira Mukhtar a waya a gabansa. Malam yana jin muryar ɗansa ƙasa-ƙasa daga cikin wayar. Ya ce shi ba zai ɗauki mahaifinsa da ƙarfi ba, amma yana so ya gani da idonsa, don wancan karon ma ai abin ya yi magana.

"Yanzu ba ya kuskure, Yaya. Wallahi ba ya yi. Duk abin da ya faɗa, Baba ne ya faɗa."

"To shi ke nan. Ina zuwa bayan sallar Juma'a. Abin da ya ce a gabana shi za a yi, ba mai sake tayar da maganar. Kin yarda?"

"Na yarda."

Kwanakin da suka biyo baya Malam ya yi su kamar mai sabon aure. Ya rubuta "gishiri," aka ƙara wa miya. Ya rubuta "ƙaiƙayi," aka yi ta neman wurin har aka same shi a tsakiyar baya. Ya rubuta "tsaka," ba wanda ya gane me yake nufi, ita kuwa tana can saman azara tana kallonsu.

Ranar Laraba hadari ya haɗo tun azahar. Mutumin da ke yi masa wanka bai zo ba. Kafin la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, indararo na ta ambaliya, kwata ta cika ta haɗe da lungu har ba a bambance su. Rufin ɗakin ya fara ɗiga a kusa da ƙofa. Malam ya daure iya daurewa, sannan ya rubuta "bayi."

Su biyu suka ɗaga shi kamar yadda suka saba, Bahijja ta ɓangaren da ya mutu, Fanna ta ɗaya. Taku kaɗan ne zuwa kujerar da aka huda masa a bayan labule. Ƙafar Bahijja ta taka inda ruwa ya jiƙa siminti.

Ya ji lokacin da ta zaɓa. Tana iya sakinsa ta dafa bango. Sai ta rungume shi ta juya, ta faɗi ta baya, shi kuma ya faɗo a kanta, duk nauyin ɓarinsa na hagu a kan cikinta.

Ya umarci jikinsa ya mirgina. Ya umarci ƙafa, ya umarci kafaɗa. Ba wanda ya ji. Yana kwance a kan 'yarsa kamar buhun gero, fuskarsa a wuyanta, kansa yana gyaɗawa, yana gyaɗawa. Fanna ta ja shi ta kasa, ta fita cikin ruwa tana buga bangon Ashafa tana kiran sunansa, ruwa na cinye muryarta.

"Ba komai, Baba," Bahijja ke faɗa a kunnensa, numfashinta na yankewa. "Ba komai. Kada ka ji tsoro."

Ashafa ya zo jiƙe sharkaf ya ɗaga shi. Ba wanda ya yi tsokana.

Bayan magariba ruwan bai tsaya ba. Lungu ya zama rafi, ba ta yadda mai ciki za ta bi ta kai titi. An kwantar da Bahijja a ɗakin Fanna, bango ɗaya tsakaninsu. Sun yi ƙasa da murya don kada ya ji, sun manta kunne kaɗai ya rage masa. Ya ji tana cizon mayafi. Ya ji Fanna na tofa addu'a.

"Ya motsa?"

"Tukuna, Iya."

Ruwa na ɗiga a cikin kwanon da aka tara. Ladan ya kira isha'i daga cikin masallaci, bai fito ba.

"Yanzu fa?"

"Tukuna."

Allon gilashin na jingine a gefen katifarsa, alƙalamin na ɗaure a yatsunsa. Yana iya rubuta duk abin da ya ga dama. Ya duba cikin kansa kaf, bai sami kalmar da za ta ɗauki mace ta kai ta bakin titi ba.

Can ya ji Bahijja ta ja numfashi da ƙarfi. "Iya. Ga shi. Ya harba."

"Alhamdulillahi. Kada ki gaya wa yayanki."

"Ba zan gaya masa ba. In ya ji, ɗauke Baba zai yi."

Ranar Juma'a rana ta fito. Mukhtar ya shigo da farar shadda da laka a bakin wandonsa, ya gaida mahaifiyarsa, ya durƙusa a gaban katifa. Bahijja ta zauna da ƙyar, tana dafa ƙugu ta yadda ba za a lura ba. Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta gyara robar a yatsun mahaifinta, ta yi masa murmushi irin na wanda ya riga ya san sakamakon jarrabawa.

"Baba," in ji Mukhtar, "za ka koma wurina, ko a nan kake so ka zauna? In ka yarda mu tafi, kore. In ba ka so, ja."

Hannun ya tashi. Ya wuce kore bai taɓa shi ba, ya sauka a kan ja. Zoben ya fito ya fara cika. A waje kurar mai ruwa ta yi kukanta a kwana ta biyu. Bango na ƙas-ƙas yana shan rana. Zoben ya kai rabi, ya wuce rabi.

Malam ya ɗaga alƙalamin.

Ya mayar da shi dama, ya ɗora a kan kore. Hannun na karkarwa, ya danne shi da duk abin da yake da shi. Ya yi bisimilla. Zoben ya zagayo a hankali, ba gaggawa, yadda aka koya masa, ya rufe.

"Eh," in ji muryar Bahijja, sau ɗaya, tas.



"Baba, sake," Bahijja ta ce. "Yaya, bari ya sake. Hannunsa ne ya..."

"Auta, ke kika rantse ba ya kuskure."

"Ba ya yi, amma..." Ta fizgi gilashin ta buɗe farin shafi, ta tura masa. "Baba, rubuta. Rubuta abin da ka gaya mini. Don Allah, Baba."

Ya ɗora alƙalamin a kan farin. Gilashin ya jira shi. Ya jira har bisimillar ta ƙare, ya ƙara jira. Malam ya janye hannunsa ya ajiye a kan cinya. Ɗigo ɗaya ya bari a tsakiyar shafin.

Ta dube shi, ya dube ta. Idonsa ya sauka kan cikinta, ya koma kan azara. Ta kifa gilashin a kan katifa, ta fara kwance robar daga yatsunsa, ta daɗe tana kwancewa.

Washegari da hantsi aka ɗora shi a kujerar roba, samarin lungu suka ɗaga. Mukhtar na gaba yana cewa a yi hankali da kwata. Fanna na biye da buzu a naɗe a hammata, Bahijja a bayanta da jaka. Daga saman kujerar Malam yana ganin abin da bai taɓa gani ba, kan katangun maƙwabta, da wani takalmin yaro da ya shekara a kan rufin kwano, ciyawa ta tsiro a cikinsa. Mata na leƙowa ta ƙofa suna Allah ya ba da lafiya, kansa na amsa wa kowa.

Ashafa na zaune a bakin shagonsa da buɗaɗɗen agogo a tafin hannu. Ya miƙe, ya matsa jikin bango don kujerar ta wuce. Ya buɗe baki kamar zai yi tsokana, ya fasa. Ya dubi Mukhtar, ya dubi Fanna, sannan ya tsayar da ido a kan Bahijja.

"Wai shi da kansa ya ce zai tafi?"

Samarin suka karkata kujerar, suka sha kwana.